Yaya Winifred, Mai Fatsar Teku ta Samaru

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da hantsi, ina shagona a Sabon Gari ina yankan wata atamfa, sai wayar Christabel ta shigo. Muryarta kaɗai ta ishe ni. Ta ce, "Anti Jemimah, Mama ta tafi gida." Haka na ji rasuwar mahaifiyarta, Malama Winifred Sati ta Samaru, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, uwa a Zumuntar Matan majami'armu, wadda ta yi barci cikin Ubangiji a asibitin Shika bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in da ɗaya. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Yaya.

Yaya, na zauna in rubuta miki irin ta'aziyyar da ake karantawa kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. Na gwada, abin ya ƙi. Duk inda na taɓa a labarinki sai in ji ihu da dariya suna taso mini tare da hawayen. Ke kika jawo, don haka ki yi haƙuri da ni. Masu karatu da za su ce tela ba ta iya makoki ba, su ma su yi haƙuri, ba su je teku da ke ba.

Farkon sanina da ke, kin dawo ke nan daga kudu, inda kika yi shekara da shekaru kina aiki a wani ƙaramin asibiti a gaɓar teku, gaba da Legas. Maigidanki Baba Sati ya riga ya rasu, kika dawo gidan da ya gina a Samaru. Kika shigo shagona da tsayinki da wannan tabarau naki mai igiya, kika gaishe ni, amma maimakon ki miƙo yadi sai kika durƙusa kina tonon kwandon ƙyallayena. Zare mai walƙiya kike tsinta, da bakin leshi, da 'yan duwatsun da suke zubowa daga kayan amare. Na ɗauka 'yar tsana za ki yi wa yaran makarantar Lahadi. Da na tambaya sai kika buɗe wani gwangwanin alewa kika miƙo mini. Ƙugiyoyin fatsa ne a ciki, sai dai kowacce an yi mata riga. Wannan farin gashin zakara ne da zaren azurfa a gefe, waccan gashin zabo ne mai ɗigo-ɗigo, har da idanu an manna musu. Ni da nake taƙama da ɗinki sai da na ɗaga ɗaya a haske ina neman inda aka ƙulle zaren, ban samu ba.

Kika ce, "Kifin teku ba ya zaman jiran tana, Jemi, farauta yake yi. Wannan in ta jiƙe aka ja ta a ruwa, ƙaramin kifi ce mai gudun ceton rai. Waccan kuma jatan lande ce."

Na ce to, a Zariyar nan wane tekun? Kika ce teku yana nan inda kika bar shi, kuma duk shekara bayan damina kina zuwa ki gaishe shi. Wani likita da kuka yi aiki tare, Dakta Kehinde, shi ya koya miki wannan fatsa. Tun ranar na soma tara miki ƙyallaye a leda daban, ke kuma kika mai da ni telarki.

Kasuwar Sabon Gari kaf an san ki. Bappa mai kaji yakan ce ke kaɗai ce a Zariya kike sayen zakara saboda rigarsa. Kowa yana ɗaga kaza ya ji nauyinta, ke kuwa wuya kike shafawa, ki ja gashi ɗaya ki lanƙwasa ki ga ko zai miƙe. Idan an yanka farin zakara mai dogon gashi, Bappa ba ya bari a tsoma shi a ruwan zafi sai an cire miki naki a bushe. Ke ma ba ki zuwa hannu rabbana. Abin awon jini yana cikin jakarki kullum, ki zauna a kan benci tsakanin kejin kaji ki auna Bappa da maƙwabtansa, wanda nasa ya hau ki yi masa faɗa kamar ɗanki, ki ce gobe ya wuce asibiti. Ni ma kin auna ni, kin yi mini faɗan, na ce ɗinkin Kirsimeti ya sha mini kai, zan je.

Abin da mutanen Samaru ba za su manta ba shi ne filin ƙwallon makarantar firamare. Da yamma ki fito da siririyar sandarki, ki ajiye faranti can nesa a ƙasa, ki soma kaɗa igiya a sama. Kai, abin kallo ne! Igiyar ta tafi baya ta miƙe, ta dawo gaba ta miƙe, tana ƙara tsawo a iska, sannan ki sake ta ta kwanta a hankali, ɗan ulun da kika ɗaura a bakinta ya sauka cikin farantin. Ƙugiya mai gashi ba ta da nauyin da za a jefa ta, nauyin igiyar ne yake kai ta, shi ya sa sai hannu ya saba. Ɗalibai masu wucewa sukan tsaya su ce, "Mama, ya kasuwa? Yau an kama kuwa?" Ke kuma ki ce musu yau ƙasar ta yi sanyi, kifin bai fito ba.

A daminar 2022 hawan jinin nan da kika yi ta yi mini faɗa a kai ya kayar da ni a gaban keken ɗinki. Na farka a Shika ɓarin jikina na dama ba nawa ba. Likitoci sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da 'yar ɗingisa, hannun ne ya yi nauyi. Masu motsa jiki suka yi ta fama da shi har yatsun suka soma rufuwa, suka ce saura in riƙa sa shi aiki. Ranar da na gwada almakashi ya suɓuce ya faɗi a gaban mai kaya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Daga ranar na naɗe hannun a cikin mayafi, na bar shi a cinya kamar baƙon da ba a so a sallama.

Ɗana Brian yana aiki a Kaduna. Yaron kirki ne, tausayi ne ya sa shi. Ya ce a rufe shago, a ba wa wata cikin waɗanda na yaye keken, in koma wurinsa in huta, idan ya zo Kirsimetin shekara mai zuwa zai kwashe ni gaba ɗaya. Kowa ya ce ya yi tunani. Ni kuwa na san abin da hutun yake nufi: kujera a falo da talabijin, sai jiran abinci. Tun ina budurwa nake shagon nan. A cikinsa na yi goyo, a cikinsa na yi zaman makokin mijina. Ban iya ce wa Brian a'a ba, don mai shagon ɗinki da ba ta iya riƙe almakashi ba ta da bakin magana.

Ke kika yi maganar. Kika ce masa, "Ɗana, ba na hana ka. Amma ka ba ni aronta kafin Kirsimetin, zan kai ta teku." Ya yi dariya ya ce, "Mama, teku kuma? Wadda ko cokali da hagu take ɗauka?" Kika ce ai da hagun za ta jefa.

Kika fara zuwa gidana da gwangwaninki. Ki ɗaure ƙugiya a ɗan maƙalin ƙarfe, ki ce in danne miki gashi da yatsa ɗaya na dama kawai, wai idonki ya soma rauni. Ƙarya kike yi, Yaya, ke da kike zura zare a allura kafin ni. Na danne, ina ƙunƙuni. Da muka je fili kuwa, kaɗa igiya irin taki ya fi ƙarfina, don hannu biyu yake so, ɗaya a sanda ɗaya a igiya. Bayan 'yan kwanaki sai ga ki da wata sanda daban mai abin naɗe igiya, wanda ni dai kwarkwaro nake ce masa, da wani ɗan gora da bai fi lemun tsami biyu ba. Kin huda shi kin yi masa murfi, kin shafe kansa da jan farce. Idan an zuba masa ruwa rabi sai ya yi nauyin da za a wurga shi nesa, kuma ba zai nutse ba. A bayansa kika ɗaura zaren roba kamar kamu uku, ƙugiya mai gashi a ƙarshe. Kika ce goran zai kai ƙugiyar inda hannuna ba zai kai ta ba, ruwa kuma ya riƙa girgiza shi, gashin yana rawa a ƙasa, ni nawa ido.

Na jefa da hagu, goran ya tashi sama ya faɗi kusa da ragar gola. Na yi ihu har masu ƙwallo suka waiwayo. Wata guda ina jifa a filin nan. Wurin naɗewa kuma na samo wa kaina dabara: in matse sandar a tsakanin gwiwoyi, in zagayo da hannun hagu in murza marikin kwarkwaron da kika sa a ɓangaren dama. Na ce ki juya mini shi hagu mana. Kika ce ba ya juyuwa. Daga baya Dakta Kehinde ya nuna mini cewa ko yaro zai iya juya shi.

A watan Nuwamba na 2023 muka hau babbar motar Legas a Sabon Gari, sandunanmu a cikin bututun famfo. Kwandasta ya tambaya ko aikin ruwa za mu yi, kika ce ƙwarai kuwa. Washegari Dakta Kehinde, tsoho mai fara'a da farar ƙasumba, ya ɗauke mu a motarsa zuwa wani ƙauyen masunta, inda wani rafi yake shiga teku. Tun kafin in ga ruwan na ji rurinsa. Da muka haura tudun yashi na tsaya cak. Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba shi da ƙarshe? Na ɗauka madatsar Shika ce da ta ɗan ƙara girma. Na ɗebo da tafin hannu na kai baki na tofar, kuna ta yi mini dariya. Na rasa abin yi, sai na kama waƙar yabo da ƙarfi, ke ma kika kama, Dakta yana yi mana tafi bai san me muke cewa ba.

Da sassafe muka fita, lokacin ruwa ya janye. Saboda ƙafata ba ta jure tsayuwa, kika dasa mini kujerar roba can sama a busasshen yashi, kika ce nan zan zauna, ruwa zai zo ya same ni. Ke kuma kika ɗaure zani a gwiwa kika shiga bakin rafin kina kaɗa igiyarki. Na kalli inda ruwa yake, na kalli inda aka ajiye ni, na ce wannan raini ne. Ni 'yar Zariya ce, ruwan da na sani inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau. Wane ruwa ne zai taso ya zo wurin mutum ba damina ba? Na ja kujerata da hagu har kan jiƙaƙƙen yashi, daf da kumfa, na zauna na jefa gorana. Ya faɗi bayan inda raƙuman ruwa suke karyewa, jan kansa yana leƙowa yana ɓuya.

Ido na kan gora, ban lura da ƙafafuna ba. Ruwa ya zo ya shafi idon sawuna ya koma, na ce madalla da sanyi. Ya dawo ya kai ƙwauri. Da ya koma sai na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin kujerar, ƙafafunta na baya suna nutsewa. Daga nesa na jiyo Dakta yana ƙwala kira, "Madam, water dey come o!", wato ruwa yana tahowa. Na yunƙura zan tashi ke nan, sai goran ya ɓace. Ba leƙo ba ɓuya, ya tafi gaba ɗaya. Sandar ta lanƙwashe, kwarkwaron ya kama ƙara, igiya tana fita kamar an ɗaura ta a bayan babur.

Na riƙe sandar da hagu da dukan ƙarfina. Dabarar gwiwa ta tashi a banza, don in na sassauta hagun ko kaɗan, sandar ta tafi. Kujera tana karkata, ruwa ya kai cinya. Sai na ji an cafke kujerar ta baya. Ke ce, kin yar da taki sandar a yashi kin rugo da gudu, mace mai shekara kusan saba'in.

Na ce, "Yaya, karɓi! Karɓi sandar nan!"

Kika ce, "Hannuna biyu suna kan kujera. In na saki, ke da ita sai ƙasar waje."

"To ki naɗe mini!"

"Da wane hannun? Naki yana nan a cinya yana kallo. Naɗe, Jemi!"

Dakta ya iso yana haki zai kama sandar, kika daka masa tsawar da ta sa ya ja da baya. Ban taɓa jin kin ɗaga wa mutum murya haka ba. Na zage ki a zuciyata, Allah ya sani. Igiyar da ta rage a kwarkwaro tana ƙarewa ina gani. Sai na fizge hannun daga mayafi na ɗora a kan marikin. Yatsun suka zame. Na sake ɗorawa, suka rufe. Na murza, ya zagaya sau ɗaya da ƙyar, kafaɗata kamar za ta cire. Kifin ya ja, na tsaya. Ya sassauta, na murza. Kina bayana, bakinki a kunnena: ɗaga sanda, sauke, naɗe, ɗaga, sauke, naɗe. Ina kuka, ina ihu, ina naɗewa. Masunta suka bar ragarsu suka taru. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san jan goran ya sake fitowa, a bayansa wani abu yana walƙiya a cikin ruwa. Wani babban raƙumin ruwa ya ɗauko shi ya watso shi kan yashi, ya haɗa da mu da kujerar ya kifar.

Muka tashi jiƙe sharkaf, ɗankwalina ya tafi, takalminki ɗaya ya tafi. Ga kifi yana dukan yashi, faffaɗa, fari kamar sabuwar tasa, wutsiyarsa rawaya, tsawonsa ya kai daga yatsuna zuwa kafaɗa, gashin zakaran Bappa a gefen bakinsa. Ni ba kifin nake kallo ba. Hannuna nake kallo, tafin ya yi ja, babban yatsa ya saluɓe yana zafi, kuma zafin nan ya fi mini komai daɗi. Na rungume ki muna tsalle a ruwa kamar 'yan mata. Ranar na ci kifi da hannun dama, rabi a baki rabi a zani.

Muna cikin ci na tambaye ki ko da gaske kujerar roba sai da hannu biyu. Kika cire ƙaya daga bakinki a nutse kika ce in ci abincina zai huce.

Ba zan ce na dawo Zariya na warke sarai ba. Yadi nawa na ɓata kafin almakashi ya soma bin layi, kuma yawancinsu naki ne, kina kawowa kina cewa dama sun tsufa. Har yau hannun yana gajiya da wuri, aikin da nake yi a yini ɗaya da, yanzu sai biyu. Amma da Brian ya zo Kirsimeti da motar kwasar kaya, a shago ya same ni, ina yanka rigar wata amarya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon almakashin a hannuna na dama. Can ya ce, "Mama, a ina zan sa buhun shinkafar nan?" Motar ta koma Kaduna ba komai a cikinta. Da yamma ya je Samaru ya durƙusa ya gaishe ki, kika ce masa kin dawo da aro.

Bara ma mun koma tekun, na zauna inda aka ajiye ni. Bana muna shirin tafiya da mata uku daga Zumunta, har kin sa Bappa ya soma tara gashi. Da na je na gaya masa rasuwarki, ya ajiye wuƙarsa ya zauna a kan bencin nan, ya daɗe yana share ido da hularsa.

Christabel, 'yata, ke da ƙannenki da jikoki, ina yi muku ta'aziyya. Kun yi rashin uwa, Samaru ta yi rashi, 'yan kasuwar Sabon Gari sun yi rashin mai yi musu faɗa don lafiyarsu. Ina yi wa dangin Baba Sati ta'aziyya, da Zumuntar Mata, da Dakta Kehinde. Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ku, ya haɗa kanku, ya share muku hawaye.

Yaya, da aka zo maganar farar rigar da za a sa miki, Christabel ta ce kada in wahalar da kaina, za a saya a kanti. Na ce ba a isa ba. Ban nemi awo ba, na san kafaɗarki da tsawon hannunki. Ni na shimfiɗa yadin, ni na yanka da hannun dama, ni na ɗinka. Rigar ta zauna miki daidai.

Ubangiji Yesu ya karɓe ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawa a wurinsa har ranar da za mu sake saduwa. Amin.